Shatar jirgin ruwa don hutun dangi: abin da za ku gama tun kuna Zariya

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar Kwangila ya ɗauki shatar bas don kai amarya ya riga ya san rabin wannan magana. Motar taku ce na lokacin da kuka biya, ba a ɗaukar fasinjan hanya, ku ke faɗin inda za a tsaya, amma da zarar an hau titi, maganar direba ce ke aiki. Shatar jirgin ruwa a Tekun Indiya ma haka take, sai dai a cikinsa za ku kwana, ku ci abinci, ku yi salla, har mako guda ko abin da kuka iya biya.

Ni ce aka ɗora wa haɗa tafiye-tafiyen gidanmu, don haka tambayar da aka fi yi mini ita ce: me ya sa ba za a kama otal a bakin teku a huta ba? Amsata sirri. A otal bakin ruwan na kowa da kowa ne, ga masu kayan wanka irin nasu, ga giya a kan tebura, ga kiɗa har tsakar dare. Matan gidanmu sai su ƙare a baranda suna kallon teku daga nesa, an biya kuɗin jirgin sama an zo an zauna. A jirgin shata kuwa kyaftin zai kai ku lungun da babu kowa, ya tsayar da jirgi, maza su ɗauki ƙaramin kwale-kwale su tafi kamun kifi, mata su shiga ruwa hankali kwance. Abin da kuke saya ke nan. Kuma ba ya zuwa da kansa, sai an rubuta shi a takarda kafin a biya ko kwabo.

Ku lura tun nan: akwai kamfanonin da ke sayar da ɗaki ɗaiɗai a cikin jirgi, farashin ya yi sauƙi har ya ba ka sha'awa. Ba shata ba ce wannan. Za ku tarar da baƙi daga Jamus ko Italiya a ɗakin da ke kusa da naku. Ku ce jirgin gaba ɗaya kuke so.

Kafin a duba hoton jirgi ko ɗaya, a zauna a lissafa masu tafiya. Yawancin jiragen shata ba sa ɗaukar baƙi fiye da 12, domin a dokar sufurin teku ta duniya duk jirgin da ya ɗauki fiye da haka ya zama jirgin fasinja, da wasu sharuɗɗa masu nauyi. Jirgin da ya fi dacewa da irinmu, mai tsawon mita 12 zuwa 14, yawanci ɗakuna huɗu gare shi, kowane da gado ɗaya na mutum biyu da ɗan banɗakinsa. Mutum takwas ke nan. Ku tambaya a ina kyaftin da kuku za su kwana. A wasu jiragen akwai 'yan ƙananan ɗakuna a can goshi da aka ware musu, a wasu kuwa ɗaya daga cikin huɗun nan za su ɗauka, ku wayi gari mutum takwas a ɗakuna uku.

A nan ne nake daɗewa, don a nan tafiya ke gyaruwa ko ta lalace. Ɗakunan ƙanana ne, bangonsu siriri, tari ma ana ji. Falo ɗaya ne, teburin cin abinci ɗaya. Duk mutum biyun da ke kunyar juna a gida, kada a haɗa su a jirgi ɗaya. Matar ƙanena ba ta iya cin abinci a gaban Baba, a gida ma in ta ji gyaran muryarsa a zaure sai ta shige ɗaki. Ina za ta shige a jirgi mai tsawon mita 13? Mako guda za ta yi a ƙunshe, ta dawo ta fi yadda ta tafi gajiya. Saboda haka ni ba na haɗa suruki da suruka, ba na haɗa kishiyoyin da gaisuwa kawai ke tsakaninsu, kuma ba na ɗaukar wanda aka lallasa kafin ya yarda. In dangin sun kai 14 ko 16, a ɗauki jirage biyu su bi hanya ɗaya, su riƙa tsayawa kusa da juna da yamma: dattawa a ɗaya, matasa da yara a ɗaya, ko maza daban mata daban. Ya fi tsada kaɗan, amma kowa zai sake.

Irin jirgin da nake nufi shi ake kira katamaran, mai gindi biyu da falo shimfiɗe a tsakaninsu. Ba ya karkata gefe in iska ta kama ƙyallensa kamar yadda mai gindi ɗaya ke yi, kuma yana iya matsawa kusa da gaɓa inda ruwa bai da zurfi. Sunayen da za ku riƙa gani su ne Lagoon da Fountaine Pajot, ƙirar Faransa, da Leopard da ake ƙerawa a Kef Tawun. Tafiyarsa a hankali ce, kilomita 11 zuwa 15 a sa'a, kada wani ya zana muku hanya mai tsibirai goma ku yarda. Akwai masu inji zalla, sun fi gudu, amma kuɗin man dizal kaɗai zai iya sa a fasa tafiyar. Akwai kuma jahazi, jirgin katako na gargajiya da har yau ake sassaƙawa da hannu a Nungwi, arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Yana da kyau a yi yini ɗaya a cikinsa. Kwana kuwa sai matasa.

Za ku ga ana tallan jirgi babu matuƙi, a ba ka makulli ka tuƙa da kanka. Wannan sai mai takardar shaidar tuƙin jirgin ruwa da ƙwarewa. Mu da iliminmu na ruwa bai wuce Kubanni da Galma ba, mu ɗauki kyaftin, mu ɗauki kuku, magana ta ƙare.

Sai wuri da lokaci, kuma a tare ake zaɓensu, domin iska ce ke mulkin wannan teku. Tunda yawancinmu hutun makaranta muke bi, ga yadda nake daidaita su. Hutun Disamba ya dace da Zanzibar, lokacin iskar da suke kira kaskazi, daga arewa maso gabas, ga zafi ga rana. Ya dace da Maldibs ma, inda rani ke kamawa daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Illarsa kuɗi, don makon Kirsimeti da na sabuwar shekara ne farashi ke kaiwa ƙololuwa, jiragen kirki kuma tun watanni da yawa a baya ake kame su. Hutun Afrilu kada ku kusanci Zanzibar, daminarsu ce babba, daga Maris zuwa Mayu. Afrilun nan kuwa shi ne lokacin Seshel, iska ta kwanta tsakanin lokutan iska biyu na shekara, haka ma Oktoba zuwa Nuwamba. Dogon hutun Agusta yana faɗawa cikin iskar kudu maso gabas, kusi. A Zanzibar akwai sanyi-sanyi kuma ba ruwan sama sosai, ana iya laɓewa ta gefen yamma, amma a Seshel tsallakawa daga babban tsibirin Mahe zuwa tsibirin Praslin, kimanin kilomita 40 a fili, takan jijjiga wanda bai saba ba.

In karon farko ne, ni Zanzibar nake ba da shawara, kuma dare uku ko huɗu, ba mako ba. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, ba sai an yi dogon bayani a kan nama ko lokacin salla ba. Wuraren kusa suke da juna: Changuu mai manyan kunkuru a gaban tsohon gari, tudun yashin Nakupenda da ruwa ke rufewa ya buɗe, Kendwa da Nungwi a arewa, ruwan Mnemba mai kifaye kala-kala. Shi tsibirin Mnemba na masu otal ne, ba a sauka, a gefensa ake tsayawa. Tekun can yana ja da baya sosai ya dawo sau biyu a yini, in kyaftin ya ce ƙarfe bakwai za a tashi, ba son ransa ba ne, ruwa yake bi. Seshel ta fi yawan jiragen katamaran da kamfanonin da suka daɗe a harkar, irin su Moorings da Dream Yacht, kuma yawanci daga Eden Island kusa da Victoria, babban birnin ƙasar, ko daga Praslin ake tashi.

Kada a biya kuɗin jirgi kafin a san matsayin fasfo. Masu fasfon Najeriya ba sa samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, kuma jiran yakan yi tsawo. Daga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar shiga, dala 44 kowane babba. Seshel tana da izinin tafiya da ake cikewa kafin a tashi, kuma a 2023 ta tsaurara shigar masu fasfon Najeriya, saboda haka sai izinin kowa ya fito nake yarda a saki babban kuɗi. Maldibs tana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi ga mai tikitin komawa da shaidar masauki. Katin rigakafin shawara kuwa kowa ya riƙe nasa, har jarirai da suka kai watannin yi.

Yanzu kuɗi. Yayanmu babba kullum cewa yake, "Ke dai ki faɗa mana nawa kowa zai kawo." Ni kuma in ce, "Yaya, ka bari in ga abin da ba su rubuta ba tukuna." Farashin da ke kan talla na jirgin ne kawai a mafi yawan lokuta. Ku aika wa kamfani ko dillali tambaya a rubuce: ladan kyaftin da na kuku suna ciki? Abincinmu fa, da nasu? Man dizal? Kuɗin tsayawa a tasha, da na shiga wuraren da gwamnati ta killace, wanda ake biya kan kowane mutum? Sharar jirgi a ƙarshe? Harajin ƙasa? A manyan jirage masu ma'aikata, waɗanda ke amfani da yarjejeniyar ƙungiyar dillalai ta MYBA, akwai wani kuɗi da suke kira APA, yawanci kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kuɗin shata, ana bai wa kyaftin ya riƙa sayen mai da abinci, ya kawo rasit a ƙarshe, ya maido saura. Sai tukuicin ma'aikata, kashi 5 zuwa 15. Misali kawai, a ce jirgi dala 8,000 ne a mako. In an ɗora kashi 30 da tukuicin kashi 10, an kai 11,200, wato dala 1,400 a kan kowane mutum cikin takwas, ba a zo kan tikitin jirgin sama ba. Wannan lambar ta biyu ita nake kai wa Yaya.

A tara kuɗin da dala tun farko. In aka yi karo-karo da naira a watan Maris don biya a Nuwamba, canji ya motsa, wadda ta riƙe kuɗin ita za a kalla. Mu adashi muke yi, duk wata kowa ya kawo kasonsa a canza nan take a zuba a asusun dala, a tura hoton rasit a zauren WhatsApp na gida. Kamfanoni sukan karɓi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma wajen wata guda kafin ranar hawa, kuma in kun fasa a kurarren lokaci ba kasafai ake maido komai ba. Don haka tun ranar farko a yanke hukunci a gaban kowa: wanda ya janye bayan an biya kafin alƙalami, ko ya kawo wanda dangi suka yarda da shi ya maye gurbinsa, ko kasonsa ya tafi. Magana ce mai nauyi tsakanin 'yan uwa, shi ya sa ake yin ta tun ba a san wanda za ta faɗa wa ba.

'Yan damfara ma suna da hotunan jirage masu kyau. Ku nemi sunan jirgin da shekarar ƙirarsa, takardar rajista, inshora, da lasisin kyaftin. Ku ce a kira ku ta bidiyo daga cikin jirgin, a zagaya da ku ɗaki-ɗaki, a buɗe famfo ku gani. A biya a asusun kamfani mai suna iri ɗaya da wanda ke kan yarjejeniya, ba asusun wani mutum ba, ko da ya yi muku sallama da Larabci mai daɗi.

Bayan an biya za su turo takardar tambayoyi a kan abin da kuke so da wanda ba ku so. Mutane kan cike ta a gurguje, alhali ita ce zuciyar abin. A nan za ku rubuta cewa ba giya a jirgi, har wadda ake ajiye wa baƙi kyauta a firij da wadda kuku kan zuba a miya. Ba naman alade, naman yanka kuma sai na halal, in babu a tsaya ga kifi, wanda dama shi ya fi yawa. Ku nemi kuku mace in za a samu, ko aƙalla ma'aikaciya ɗaya mace. Ku rubuta cewa kullum kuna son sa'o'in da ma'aikata maza za su koma gaban jirgi ko su fita da maza, mata su yi wanka. Ba su ganin wannan baƙon abu ne, iyalai daga ƙasashen Larabawa sun riga mu nema. Ku faɗi mai ciwon suga, mai hawan jini, da wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi. Ku tambaya ko akwai janareta da na'urar sanyaya ɗaki, da sa'o'in da ake kunna su, don daren Disamba a ɗakin da ke ƙasan jirgi ba wasa ba ne.

Ruwan daɗi shi ne abin da ya fi ba mutanenmu mamaki. Tankin jirgi mai wannan girma bai cika wuce lita 600 ko 700 ba. Ku raba wa mutum goma har kwana bakwai, lita goma ke nan a rana, bai kai rabin jarkar ɗan garuwa ba, kuma a ciki za a yi wanka da wanke-wanke. Ku tambaya ko jirgin na da injin tace ruwan gishiri. In babu, a riƙa alwala da ruwan teku. Tambayar nan an yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ita, masu shiga teku da ɗan guzurin ruwa ne suka yi, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Goggonmu da na gama yi mata duk bayanin tafiya abu ɗaya ta tambaya: "Ke 'yar nan, in ce dai akwai buta?" Babu, Goggo, sai mun tafi da tamu. Ku sayi ƙanana na roba a kasuwar Sabon Gari, kowane ɗaki ɗaya. Masan jirgi kuma ba ya karɓar komai, ko takardar goge hannu aka jefa sai ya toshe, kuma wasu kamfanonin suna cajin kuɗin gyara. A nuna wa yara da dattawa yadda ake juya famfonsa tun ranar farko, ba kunya.

Alƙibla ma sai an sake koyo. Mun saba fuskantar gabas, a Zanzibar kuwa Makka tana arewa kusan cak, a Seshel da Maldibs arewa maso yamma. Jirgi ko a tsaye yake yana juyawa da iska, inda kuka kalla da azahar ba nan ba ne da la'asar. Akwai kamfas a wurin tuƙi, a duba kafin kowace kabbara. Maganar ƙasaru da haɗa salloli a tambayi malamin gida kafin a tashi, don kada a tsaya gardama a tsakiyar teku. Shatar mako takan fara Asabar ta ƙare Asabar, jirgi ya koma tasha ranar Juma'a da yamma. In maza na son samun Juma'a a gari, a faɗa wa kyaftin tun farko ya tsara dawowa da hantsi.

Mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba mu iya iyo ba, ciki har da masu cewa sun iya. Ku sanar da kyaftin a fili. A tabbatar akwai rigar ceto daidai jikin kowa, a aika musu shekaru da nauyin yara tun daga gida, a kuma nemi a ɗaura raga a kewayen jirgi in akwai ƙanana. Yaro ba ya fita waje sai da rigar a jikinsa. Mata kada a shiga ruwa da dogon hijabi ko zani, in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa. A ɗinka riga mai dogon hannu da wando na yadi marar nauyi da hula mai kama kai, a ɗora rigar ceto a sama. Ba mai shiga ruwa in inji na aiki. In kyaftin ya ce yau ba za a je inda aka tsara ba saboda iska, shi ke nan, yarjejeniyar ma ta ba shi wannan iko. Alhazanmu da suka saba ba da umarni a ofis su ne suka fi shan wahalar haɗiye wannan.

Jiri da tashin zuciya kan kama mutane a yinin farko. A sha magani kafin a hau, ba bayan an fara amai ba, kuma likita ya duba wa mai juna biyu da mai shan wasu magunguna. A zauna a waje ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Ɗanyar citta tana taimakawa.

Kaya a jaka mai laushi da za a iya naɗewa, don babu inda za a cusa manyan akwatunan da muke zuwa Umara da su. A jirgi ba a sa takalmi. Garin yaji, kuka, garin kunu, dabino da ganyen shayi sun isa su sa Baba ya ji yana gida, a bayyana su a filin jirgi in an tambaya. Kilishi da dambun nama kada a ɗauka zuwa Seshel, suna da tsauri a kan shigo da nama. Daddawa kuwa, ko an bari ku shiga da ita, ku ji tausayin masu kwana kusa da kicin.

Daga Zariya, Kano ta fi Abuja kusa. Ethiopian Airlines na tashi daga Kano da Abuja ta Adis Ababa zuwa Zanzibar da Seshel, Qatar Airways kuma ta Doha zuwa Male, babban birnin Maldibs. Ku isa kwana ɗaya kafin ranar hawa ku kwana a gari, domin jirgin sama in ya makara, ranar shatar da ta wuce ba a biyan ku ita. Ranar hawa, mutum biyu su zagaya da wakilin kamfani, su ɗauki hoton duk wani ƙwarzane ko abin da ya riga ya karye, su ƙirga rigunan ceto, su gwada kowane famfo da kowace fanka, sannan a sa hannu. Ranar sauka ma haka, a zauna da kyaftin a bi rasit ɗaya bayan ɗaya, a karɓi canji, a miƙa masa tukuici a ambulan ya raba wa abokan aikinsa. Tikitin komawa a sa shi washegari ko da dare, kada a sa na safiyar ranar, don sauka daga jirgi da lissafi da neman takalmin yara sukan cinye hantsi gaba ɗaya.